Inda Masaƙa Ta Tsaya, Tela Ya Ɗora

Duk wanda ya taɓa zama inda ake buɗe akwatunan lefe a Kano ko Maraɗi ya san yadda mata suke jera atamfofi gwargwadon darajarsu: ga sufa, ga holan, ga kuma wadda ake ce wa kodebuwa. Ta asali a cikin wannan ta ƙarshe daga masana'antar Uniwax take fitowa, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1960 a unguwar masana'antu ta Yopougon, yamma da tsakiyar birnin Abijan. Injinan wannan masana'anta suna buga zane ɗaya a kan dubban yadi a jere. Amma mutum ya tsaya ranar Lahadi a ƙofar wani coci a Treichville, ko ranar suna a wani gida a Adjamé, zai iya ganin mata goma sanye da atamfa iri ɗaya, kuma da wuya ya sami biyu da ɗinkinsu ya zo ɗaya. Kowace an yanka mata daidai faɗin kafaɗarta da tsawonta da shekarunta da abin da take son jama'a su gani. Wannan abu da ido ya saba da shi har ya daina lura, shi ne matsalar da manyan masana'antun duniya suka kwashe shekaru suna kashe kuɗi a kanta: yaya inji mai yi wa dubu aiki zai fitar da abin da ya dace da mutum ɗaya? Ina ganin waɗannan unguwanni biyu, Treichville da Adjamé, sun daɗe da samun amsa, kuma amsar ita ce masana'anta ta san inda za ta tsaya, ta bar ƙarshen aikin ga wanda yake ganin mai kayan ido da ido. Sauye-sauyen shekaru talatin da suka wuce sun girgiza wannan tsari, sun kuma nuna abin da ke riƙe da shi.

Masana'antar zamani ta ginu ne a kan maimaici. Motar Model T ta Henry Ford, wadda ta fito a 1908, an ƙera fiye da miliyan 15 nata kafin a daina a 1927, kuma daga 1914 har tsawon shekaru fiye da goma baƙin fenti kaɗai ake yi mata. Arahar ta zo ne daga hana mai saye zaɓi. A 1987 wani marubucin harkar kasuwanci a Amurka, Stan Davis, ya yaɗa tunanin cewa kwamfuta za ta ba masana'anta damar yi wa kowa nasa a farashin kayan tari, kamfanoni kuwa suka yi ca a kai. A 1994 kamfanin Levi's ya fara auna mata a kantunansa, a tura awon masana'anta ta kwamfuta, a ɗinko wando daidai jikin mai shi. Bayan kusan shekara goma ya rufe shirin. Adidas ya gina masana'antu masu sarrafa kansu a Ansbach ta Jamus da Atlanta ta Amurka don yin takalma kaɗan-kaɗan kusa da masu saye, sai ga shi a ƙarshen 2019 ya sanar da rufe su. Wanda ya ɗore shi ne irin na Nike da aka fara a 1999, inda takalmin yake nan yadda yake, mai saye ya zaɓi launi ya sa a rubuta sunansa. Dalilin bai ɓuya ba. Duk lokacin da aka tsayar da inji don a sauya masa saiti, kuɗi ne ke zuba. Sannan mai saye kansa sau da yawa bai san yadda zai faɗi abin da yake so ba sai an zauna da shi, an tambaye shi, an gwada masa.

Atamfa ta fi yawancin kaya nuna wannan tsada. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a ƙasar Holan, wanda tarihinsa ya faro a 1846, ya fara ne da kwaikwayon rinin hannu na tsibirin Java da inji, kafin kasuwarsa ta koma Afirka ta Yamma a ƙarshen wancan ƙarni. Hanyar aikin ita ce a sassaƙa zanen a jikin manyan gangunan jan ƙarfe, su shafa narkakken danƙo a fuskokin farin yadi biyu, a tsoma shi a rini, inda danƙon ya rufe ya ƙi kamawa, sannan a kakkarya danƙon a wanke, a ƙara sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Kowane sabon zane yana buƙatar nasa gangunan, kowane launi da nasa zagayen. Ba yadda za a yi a ɗora wannan ɗawainiya a kan yadi shida na mace ɗaya. Sai an raba ta a kan dubbai. Don haka masaƙa ta tsaya a wani wuri mai hikima: ta fitar da turmi, yadi shida, wanda a Abijan ake ƙirga shi zane uku na yadi bibbiyu, ɗaya na riga, ɗaya na ɗaurawa, na ukun na yafawa ko ɗaurin kai ko goyo. Turmi kaya ne da aka gama bugawa amma ba a gama yi ba. Bai da hannu, bai da wuya, bai da lambar girma, saboda haka bai yi wa kowa kaɗan ba, bai yi wa kowa yawa ba, kuma ba ya kwantai a kanti don an rasa mai jikin da zai shige shi.

Tsakanin masaƙa da tela akwai 'yan kasuwa, kuma a nan ne tarihin unguwannin biyu ya shigo. Turawan mulkin mallaka na Faransa sun keɓe wa kansu tudun Plateau, suka bar 'yan Afirka a gefe biyu: Treichville a kudu, hayin ruwa, wadda aka raɗa wa sunan Marcel Treich-Laplène, da Adjamé a arewa, tsohon ƙauyen ƙabilar Ebrié. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin gari, layin dogo kuma ya kai Wagadugu a 1954, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Mali da Burkina da Nijar da Senegal da Najeriya, har da Hausawa da Zabarmawa masu bin tsohuwar hanyar fataucin goro. Titin Rue 12 na Treichville ya yi suna da kantunan yadi, da yawansu na Labanawa, Adjamé kuwa, da tashoshin motarta da cunkoson titin Nangui Abrogoua, ta zama inda 'yan sari daga ko'ina suke sauka. Matan da ke sayar da atamfa a waɗannan kasuwanni su ne kunnen masana'anta. Su suke jin wane launi aka ƙi, wane aka dawo nema, su kai labari sama. Manyan cikinsu kan nemi a buga musu wani zane da launin da suka zaɓa, ya zama nasu su kaɗai na wani lokaci, kamar yadda takwarorinsu na Lome suka shahara da yi. Su ne kuma, tare da masu saye, suke raɗa wa zane suna, domin daga masana'anta lamba kawai yake zuwa da ita. Akwai wanda ake kira idon kishiyata, akwai mijina mai iyawa ne, akwai ganyen kuɓewa, akwai in ka fita in fita. A shekarun 1980 da tattalin arziki ya tsuke an sa wa wani sunan matsin da ake ciki, bayan juyin mulkin Disamba 1999 kuma aka sami tsintsiyar Guéï, da sunan wanda ya hau mulki a lokacin. Mace takan sayi zane saboda maganar da sunansa zai faɗa mata ba tare da ta buɗe baki ba, kuma wannan ƙima ce da babu injin da ya buga ta a jikin yadin.

Daga nan sai tela. Abin da yake yi ya wuce yanka da ɗinki. Yana da littafin awo, yana kuma da abin da ba a rubutawa: ya san wadda ta haihu kwanan nan, ya san wanda kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, ya san wadda za ta ce a matse amma ba za ta sa ba in an matse. Yana duba yadda furen atamfar zai faɗa a ƙirji da baya don kada a yanke shi a tsakiya. Abin da Levi's ya nemi tattarawa da kwamfuta, tela yana tattara shi da tef da hira, kuma in bai yi daidai ba a dawo masa ya kwance ya gyara. Wannan sana'a tana da hawa-hawa a Abijan. A ƙasa akwai teloli masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi don a ji zuwansu, waɗanda ake kira toclo-toclo, da yawansu baƙi daga ƙasashen maƙwabta. A tsakiya akwai dubban shaguna masu keke biyu ko biyar da yara masu koyo, da masu surfani a kan shaddar da aka rino a Bamako. A sama akwai irin su Pathé Ouédraogo, wanda duniya ta sani da Pathé'O, ɗan Burkina da ya zo ƙasar yana matashi, ya koyi ɗinki a hannun wasu, ya buɗe shagonsa a Treichville a shekarun 1970, ya ci gasar Almakashin Zinariya a 1987, daga baya Nelson Mandela ya sa rigunansa. Hanyar da ya bi daga ɗan koyo zuwa mai suna ita ce shaidar cewa wannan tsari yana iya haifar da gwaninta ta ƙoli, ba gyaran tsumma kaɗai ba.

Akwai wuri ɗaya da masana'anta kanta ta karɓi odar musamman, wato atamfar taro. Jam'iyya ko coci ko ƙungiyar mata ko babban dangi da aka yi wa rasuwa kan kai hoto da rubutu a buga musu zane nasu. An yi irin wannan da hoton shugaban ƙasa Félix Houphouët-Boigny tsawon mulkinsa da lokacin rasuwarsa a Disamba 1993, an yi da hoton Paparoma John Paul na Biyu lokacin ziyarce-ziyarcensa, har da ta 1990 da ya buɗe babban cocin Yamoussoukro. Galibi da bugu mai araha ake yin su, na fuska ɗaya, wanda ba ya buƙatar danƙo kuma yake iya ɗaukar hoton mutum. Mai suka zai ce ai wannan anko ne, kuma anko kishiyar keɓancewa ne, tunda kowa ya zama ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta ɗauka cewa mutum shi kaɗai ne ma'aunin mai saye. A Abijan, kamar a ƙasar Hausa, dangi da ƙungiya su ma masu saye ne, kuma haɗuwarsu ce take tara yawan yadin da zai biya kuɗin shirya injin. Jama'a ta sayi zanen da ya bambanta ta da sauran jama'a, sannan kowane mutum ya kai nasa turmin wurin telansa ya bambanta da na kusa da shi. Keɓancewar ta zama hawa biyu, kowane hawa an ɗora shi a kan wanda ya fi iya ɗaukar kuɗinsa.

Girgizar ta faro ne a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi, daga atamfar Holan zuwa rini da kayan gyaran inji, ya yi tsada cikin dare ɗaya. A 1997 babbar kasuwar Treichville ta ƙone, 'yan kasuwa suka yi shekaru a rumfunan wucin gadi. A Satumban 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu, ya yanke arewa mai noman auduga daga kudu mai tashar jiragen ruwa, ya kuma durƙusar da Bouaké, inda masaƙar Gonfreville take tun 1921. Ana cikin haka atamfar Sin ta cika kasuwa, ana kwafar zanen da aka ɓata watanni ana shiryawa a sayar da shi a kaso kaɗan na farashinsa, wani ta tashar ruwa, wani ta ɓarauniyar hanya. Gwanjo kuma ya ci kasuwar kayan yau da kullum, musamman na maza da yara. Mutanen Arewacin Najeriya ba sa buƙatar a ba su wannan labari, domin masaƙun Kaduna da suka faro a 1957 a wannan zamanin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta rufe a 2007. Uniwax ta shiga mawuyacin hali amma ta tsira. Abin lura shi ne wanda bai faɗi ba: tela. Yadin da ake kawo masa ya sauya asali, ya sauya inganci, amma har yanzu yadi ne da ba a gama ba. Masana'antun Sin, duk da arahar aikinsu, su ma turmi suka zaɓi aikowa, domin sun tarar da abin da na Holan suka tarar, cewa ba a iya auna jikin matar Adjamé daga wata nahiya.

Sauyi na biyu ya zo ta waya da ƙananan injina. Yanzu mai ɗinki takan zo da hoto daga Instagram ta ce wannan nake so, 'yar Treichville da ke zaune a Faransa takan turo awonta ta WhatsApp a ɗinka a ba matafiyi. Injin surfani mai kwamfuta yana gama aikin wuyan da hannu zai yi makonni a kai. Injin buga zane kai tsaye daga kwamfuta, wanda ke fesa launi a yadi ba tare da gangar jan ƙarfe ba, ya rushe tsohon sharaɗin cewa sai an haɗa dubban yadi, don haka ƙaramin dangi ma yana iya buga hoton mamacinsa. A gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a ƙasar a farkon 2024, wadda Kodebuwa ta ci bayan doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe, rigunan lemo sun cika Adjamé, mutum ya saya a manna masa sunansa da lambar da yake so a baya yana tsaye. Wannan ci gaba ne, kuma ya buɗe wa matasa ƙofar sana'a da ɗan jari. Amma ya kamata a bambanta iri biyu na yi wa mutum nasa. Manna suna a kan rigar da aka ɗinka wa kowa shi ne irin na Nike, yana taɓa saman kaya kawai. Yanka riga daidai jiki shi ne abin da Levi's ya gwada ya bari. Na farko yana da sauƙin kwaikwayo, ribarsa takan zube da zarar maƙwabci ya sayi irin injin. Na biyu yana hannun wanda ya san mutanensa, kuma shi ne Abijan take da shi da yawa.

Ba zan ɓoye raunin wannan tsari ba, domin masu sukarsa suna da hujja. Tela ya yi ƙaurin suna wajen saɓa alkawari, musamman gab da Sallah ko Kirsimeti, in ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa. Ingancin ɗinki ba ya da tabbas daga shago zuwa shago. Yara masu koyo sukan yi shekaru ba albashi, a ɗakuna masu zafi da ƙarancin haske. Rigar da aka ɗinka a tari ta fi araha, kuma talaka yana da haƙƙin neman araha. Sai dai in aka duba waɗannan laifuffuka ɗaya-ɗaya, za a ga yawancinsu na ƙarancin jari ne da rashin tsari: shagon da ba shi da kuɗin ƙara keke, ba shi da littafin da ke nuna aiki nawa zai iya gamawa a mako, wuta kuma ta ɗauke masa ana tsakiyar surfani. Magani a nan shi ne a ƙarfafa shagon. Maye gurbinsa da babbar masana'antar ɗinki zai kawo tsayayyen inganci, amma zai dawo da matsalar da turmi ya kauce wa: lambobin girma da aka tsara a kan jikin wasu mutane, da kayan da za su yi kwantai don ba su dace da kowa ba. Kayan makaranta da na ma'aikata sun dace da ɗinkin tari, kuma babu laifi a yi su haka. Kayan biki da na ibada da na fita kunya kuwa, waɗanda a kansu ne mutanen yankin nan suke kashe kuɗinsu na gaske, lissafinsu daban ne.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta wanda yake cin riba. Uniwax ta yi shekaru cikin rukunin Vlisco, tare da GTP ta Gana da Woodin da aka faro a Abijan a 1985, kuma a 2010 kamfanin zuba jari na Ingila, Actis, ya sayi rukunin. Zanuka da yawa da matan kasuwa suka raɗa wa suna suka ɗaukaka, mallakarsu a takarda ba a Afirka take ba. Mafi yawan audugar da ake nomawa a yankin Korhogo ana fitar da ita ɗanya. Wato rabon aikin da na yaba ya bar wa Afirka ɓangaren da ya fi cin gumi, ya ajiye ɓangaren da ya fi jari a waje. Wannan gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne a nemi mallakar masaƙa da zane, ba a raina tela ba. A nan ne sabon injin buga zane zai iya yin amfani na gaske, domin mai zane a Treichville zai iya buga yadi ɗari na abin da ya ƙirƙira, ya kai wa matan Adjamé su gwada shi a kasuwa, in ya karɓu sannan a kai shi masana'anta a buga dubbai. Hakan yana buƙatar hanyar rajistar zane mai sauƙi da araha, kuma hukumar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta OAPI da ke Yawunde, wadda Kodebuwa da Nijar duk suke cikinta, ta riga ta ba saƙar ƙabilar Baoulé kariya a shekarun baya-bayan nan. Yana buƙatar kwastan da za su iya bambanta zanen da aka yi wa rajista da na kwafi a tashar ruwa. Yana buƙatar masaƙa ta yarda ta karɓi ƙananan oda, ta kuma tabbatar yadinta ba ya tsukewa ko zuba bayan wanki, domin duk ranar da hakan ta faru tela ake zagi. Sannan yana buƙatar bashi mai sauƙi ga shagon da ke son ƙara keke biyu da fitila mai kyau, da takardar shaida ga yaron da ya yi shekara huɗu yana koyo, wadda zai iya nunawa a Bouaké ko Yamai ko Kano a ɗauke shi aiki.